Wasa Ɗaya Ba Ya Kama Mai Maguɗi a Darar Ces

Wanda ya san darar gargajiya, wadda ake haƙa gidajenta a ƙasa a inuwar kasuwar Dutsin-Ma ko Kurfi, ya san ha'inci a cikinta sai da wahala: idon abokin wasa na kan hannunka, ɗan kallon da ya sa baki kuma sai ya sha tsawa. Darar ces ta intanet ba ta da wannan tsaro, musamman nau'in da ake ba ɗan wasa kwana ɗaya, uku ko fiye kafin ya yi taku guda. Asalinsa wasan wasiƙa ne, ana aika taku ta gidan waya. Shi ne ya fi dacewa da matashin ƙauyukan da ke kewaye da madatsar ruwa ta Zobe, inda sabis ke zuwa ya ɗauke, domin ba agogon da zai cinye shi yana neman layi. Sai dai a cikin waɗannan kwanaki babu mai ganin abin da yake yi da wayarsa.

Abin da ke cikin wayar kuwa ba ƙarami ba ne. Tun 1997 na'urar Deep Blue ta kamfanin IBM ta doke Garry Kasparov, zakaran duniya na lokacin. Yau manhajar Stockfish, wadda ake saukewa kyauta, ta fi ƙarfin kowane ɗan Adam. Shafuka irin su Chess.com da Lichess sun yarda mai wasan kwanaki ya duba littattafan buɗe wasa, amma sun haramta tambayar manhaja. To ta yaya za a gane wanda ya tambaya?

A wasan gaggawa akwai alamomi: mutum ya riƙa ɓata daƙiƙu kusan iri ɗaya a kan taku mai sauƙi da mai wuya, ko ya riƙa fita daga shafin wasan yana dawowa. A wasan kwanaki waɗannan alamomin sun raunana ƙwarai, abin da ya rage shi ne takun kansa. Kenneth Regan, malamin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Buffalo ta Amurka, wanda hukumar ces ta duniya FIDE ke aiki da lissafinsa, yana ajiye takun buɗe wasa gefe, tunda kowa na iya haddace su. Sannan ya auna sauran da zaɓin manhaja, yana la'akari da wahalar kowane matsayi, ya kwatanta da abin da ake sa ran gani daga mai makin ƙarfi irin na ɗan wasan. Taku mai kyau ba hujja ba ne in shi kaɗai ne mafita a fili. Hujja tana taruwa ne idan ɗan wasa mai matsakaicin ƙarfi ya yi ta dacewa da na'ura a wurare masu sarƙaƙiya, wasa bayan wasa, har sa'a ta kasa bayyana lamarin.

Wani zai ce wannan hanya tana barin mai wayo ya tsira, wanda ke leƙa manhaja sau ɗaya ko biyu kacal a wasa. Gaskiya ne, kuma babu amfanin musu. Amma maganin da ake kawowa, wato a sassauta ma'auni a hukunta mutum kan wasa ɗaya da ya ba da mamaki, ya fi cutar muni. Wanda aka ba kwana uku ya yi tunani dole ya fi kansa na wasan minti biyar. Kuma yaron da ya koyi wasa shi kaɗai a waya, makinsa kan yi ƙasa da ainihin ƙarfinsa, shi ne zai fara faɗawa tarkon.

Rikicin 2022 ya isa darasi. A watan Satumba Hans Niemann ya doke Magnus Carlsen, zakaran duniya na lokacin, a gasar Sinquefield a St. Louis, Carlsen ya janye, aka shiga zargin Niemann da maguɗi. Chess.com ta fitar da rahoto mai shafi 72 tana cewa da alama Niemann ya yi maguɗi a wasanni fiye da 100 na intanet, shi kuma ya riga ya amsa cewa ya taɓa yi yana ɗan shekara 12 da 16. Duk da haka ba a samu shaidar ya yi a wancan wasan na gaba da gaba ba. Niemann ya kai ƙara yana neman dala miliyan 100, aka sasanta a Agustan 2023, daga baya FIDE ta ci Carlsen tarar yuro 10,000 saboda janyewar. Hausawa sun ce zato zunubi, ko da ya zama gaskiya.

Akwai masu cewa a huta, a halatta manhajar kawai, kamar yadda ƙungiyar wasan wasiƙa ta duniya ICCF ta yi. An ga sakamakon: akasarin wasannin manyanta canjaras suke tashi, domin na'ura ce ke karo da na'ura. Mai koyo ba zai ƙaru da komai a nan ba.

Duk wanda zai shirya irin wannan gasa, a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ko a wata makarantar sakandare, ya rubuta dokar manhaja tun kafin taku na farko, ya kai ƙorafi ga masu shafin a asirce maimakon yaɗa suna a WhatsApp, sannan ya sa a buga zagayen ƙarshe gaba da gaba, wayoyi na hannun alƙali.