Bayani a Kan Abin da Ake Cusa wa Akwatin Lasifika

Da sunan Allah muke farawa. Bayan haka, ya ku malamai da 'yan kasuwa, da yawa daga cikinku sun sa kafinta ya ƙera musu akwatin lasifika domin makaranta ko rumfa, amma da aka kunna sai murya ta fito kamar daga cikin rijiya. Ni ma haka ta same ni, har almajiran sahun baya suka kasa rarrabe harafi da ɗan'uwansa. Na zargi na'ura, ashe laifin na akwati ne.

Ku sani fatar lasifika tana tura iska gaba da baya. Sautin gaba shi ne rabon mai sauraro. Na baya kuwa yakan tsare a ciki, ya yi ta kai da komo tsakanin katakai, sa'an nan ya ɓullo ta fatar a makare, ya dagula na gaba. Gudun sauti wajen mita 343 ne a daƙiƙa. Saboda haka akwatin da tsawon cikinsa rabin mita ne zai riƙa amsa kuwwa a kan kaɗawa 343 a daƙiƙa, wato daidai inda kaurin muryar mutum yake. Maganinsa shi ne abu mai zare-zare, wanda iska ke ratsawa da ƙyar har ƙarfin sautin ya mutu.

Masana sun daɗe da gane haka. A shekarar 1954 Edgar Villchur na Amurka ya fito da rufaffen akwati cike da audugar gilashi, a 1965 kuma A. R. Bailey na Ingila ya bayyana fifikon ulu mai dogon zare.

To, tumakinmu, Uda da Balami da 'Yankasa, gashi gare su, ba ulu ba. Mai son ulu sai ya nemi tsohon bargo wurin 'yan gwanjo, ya kuma yi hattara da asu. Audugar gilashi tana aiki ƙwarai, sai dai tana sa ƙaiƙayi, ƙurarta kuma ba ta da kyau ga huhu. Mafi sauƙi shi ne farin zaren roba na matashin kai, wanda masu ɗinkin katifa ke sayarwa: ba ya ruɓewa, ƙwari ba su cinsa. Audugarmu ma ta isa, muddin an cire anguryarta don ɓeraye, an kuma shiɓe ta. Audugar rimi kuwa saurin kama wuta gare ta. In soso ne, ku kafa baki ku hura. Wanda iska ba ta ratsa shi ba, ku bar wa mai shi. Kwalin ƙwai da farin abin nan mai ƙarau da ake tokare kaya da shi, asarar wuri ne kawai.

Rufaffen akwati a cika shi sako-sako, kimanin giram 16 ga kowace lita, kada a danna. Mai kafar iska kuwa a lulluɓe bangonsa kurum, kaurin yatsa biyu ko uku, musamman bayan lasifikar, a bar kafar a buɗe, kada kuma wani abu ya taɓa fatar.

Daga nan sai gwaji. Ku sa yaro ya yi karatu, ku koma ƙarshen zaure ku saurara. In ana jin gunji, a ƙara. In murya ta shaƙe, a rage. Da haka na gyara nawa da cikin matashi guda.

Allah shi ne masani. Wassalam.