Shin An Halatta Noman Tabar Wiwi?

Jama'a, akwai wata magana da ke yawo a kasuwanni da tashoshin mota. Wai ƙasashen duniya sun halatta tabar wiwi, saboda haka mu ma nan gaba kaɗan kowa zai iya shuka ta a gonarsa kamar gero ko dawa. Maganar tana da ɗan tushe, amma an yi mata ƙari. Manomin da ya ɗauke ta yadda ya ji ta, yana iya ƙarewa a gidan yari. Shi ya sa muka ga ya kamata mu warware ta a wannan wata.

Da farko, idan an ce "halatta" a nan, ana nufin dokar gwamnati ta ba da izini. Ba a nufin halal irin ta addini, domin hukuncin abin da ke sa maye sananne ne wurin malamanmu.

To, mene ne hali a Nijeriya? Noman wiwi da sayar da ita da shan ta duk laifi ne. Tun a shekarar 1966 gwamnatin soja ta kafa doka mai tsanani, wadda ta ce wanda ya noma wiwi ana iya yanke masa hukuncin kisa, ko ɗaurin da bai gaza shekara 21 ba. Daga baya an yi wa dokar gyare-gyare. A 1989 aka kafa Hukumar Hana Sha da Fataucin Miyagun Ƙwayoyi, wato NDLEA. Dokar wannan hukuma ta tanadi ɗaurin rai da rai ga mai shukawa ko mai fatauci.

Duk da wannan tsanani, shan wiwi bai ragu ba. A 2018 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tare da Majalisar Ɗinkin Duniya sun gudanar da bincike. Sun gano cewa mutum miliyan 14.3 ne ke shan miyagun ƙwayoyi a ƙasar nan. Daga cikinsu, miliyan 10.6 wiwi suke sha. Yawancin wadda ake nomawa tana fitowa ne daga dazuzzukan Ondo da Edo da Osun da Delta da maƙwabtansu.

Daga nan gardama ta taso. Masu son a sassauta doka suna cewa, an shafe shekara fiye da hamsin ana kame da ƙona gonaki, amma ciniki bai tsaya ba. Kuɗin kuwa 'yan fasa-ƙwauri ne ke kwashewa. Sun ce ai gara gwamnati ta ba da lasisi, a noma ta don haɗa magani, a sayar a ƙasashen waje, a karɓi haraji. Marigayi Rotimi Akeredolu, wanda ya yi gwamnan Jihar Ondo, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya a kan haka tun 2019. An kuma kai ƙudurin doka Majalisar Wakilai, amma a 2023 majalisar ta jingine shi.

Zancen magani ba ƙarya ba ne. A cikin ganyen wiwi akwai sinadarai masu yawa, biyu ne suka fi suna. Ɗaya ana ce masa THC, shi ne mai sa maye. Ɗayan ana ce masa CBD, shi ba ya bugarwa, kuma an haɗa maganin wata irin farfaɗiyar yara mai tsanani da shi. Akwai kuma wani irin wiwi da ake nomawa don zarensa, kamar yadda muke noman rama don igiya da buhu. Amma a kula, magani a ma'aikata ake tace shi, a auna shi, likita ya rubuta. Wanda ya naɗa ganye a takarda ya kunna wuta, ba magani yake sha ba.

Masu adawa kuma suna da hujjarsu, kuma mai nauyi ce. Shan wiwi mai yawa, musamman ga yaron da ya fara tun yana ƙarami, yana raunana tunani da riƙe karatu, yana kuma ƙara haɗarin taɓin hankali. Janar Buba Marwa, wanda aka naɗa shugaban NDLEA a 2021, ya sha faɗin cewa ƙasar da ke da masu sha sama da miliyan goma ba ta da dalilin buɗe wannan ƙofa. Mu ma a ganinmu, tambayar da ya kamata a fara amsawa ita ce, wa zai yi gadin gonar? Mun ga abin da ya faru da maganin tari mai kodin. Magani ne na halak a kanti, amma ya zama abin maye a hannun matasa da matan aure, har gwamnati ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018.

Su ƙasashen da ake ambata, ba hanya ɗaya suka bi ba. Uruguwai a 2013 da Kanada a 2018 sun yarda baligi ya saya ya sha. Afirka ta Kudu, bisa hukuncin kotu a 2018, ta bar baligi ya sha a cikin gidansa, amma ba ta yarda da sayarwa ba. Lesoto ce ta fara ba da lasisin noman magani a Afirka a 2017, sai dai kuɗin lasisin ya fi ƙarfin talaka, manyan kamfanoni ne suka fi cin moriya. Maroko ta yi tata dokar a 2021, amma a wasu yankunan duwatsun arewacin ƙasar kaɗai, kuma sai manomi ya shiga ƙungiyar gama-kai. Gana ta yarda da irin da sinadarin mayensa bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Tailan kuwa ta saki a 2022, shaguna suka cika gari, sai ga shi a 2025 ta dawo ta ce ba mai saya sai da takardar likita.

Saboda haka, mai karatu, ko a ƙasashen Afirka da suka ba da lasisin noma don kasuwa, ba wanda aka ce ya tashi kawai ya shuka ya kai kasuwar ƙauye.

Wannan ya shafi 'yan'uwanmu masu zuwa ci-rani kudu. Idan wani ya ce zai kai ka aikin gona can cikin daji, ya yi maka alkawarin lada mai tsoka, tambaye shi abin da ake nomawa kafin ka hau mota. Ganyen wiwi yana da sauƙin ganewa: ya rabu kamar yatsun hannu, sau da yawa biyar ko bakwai, gefensa kamar haƙoran zarto. Ranar da jami'ai suka kai samame, wanda suka tarar da fartanya a hannu shi za su fara kamawa, mai gonar kuwa wataƙila yana birni.