Kafin motar asibiti ta iso

A ranar 8 ga Nuwamba 2021, gobara ta cinye azuzuwan zana a wata makarantar firamare cikin birnin Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Kwana ɗaya kafin nan, ramin haƙar zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, ƙidayar farko ta ce mutum 18 ne suka mutu. A ƙarshen Agustan 2024 kuma aka tafka ruwa kamar da bakin ƙwarya, gidaje suka zube, hukuma ta ce aƙalla rai 15 sun salwanta a cikin garin. A irin wannan rana, hannun da ke fara taɓa wanda abin ya rutsa da shi hannun maƙwabci ne, ko na ɗan kabu-kabu, ko na mai shayin bakin hanya. Sojojin kashe gobara, da ake kira a lamba 18, da motar asibiti, sai daga baya suke isowa, ko da sun yi iya saurinsu. Tunda haka ne, horar da mutanen da ke wurin tun farko shi ne aikin agajin gaggawa mafi araha, kuma shi aka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Duba yadda abin ke kasancewa a kan titin da ya haɗa Tsibiri da Maraɗi. Babur ya yi karo da mota, jama'a sun taru, kowa na salati. Wani ya kama hannu, wani ya kama ƙafa, a cicciɓi mutum kansa na reto, a ɗora shi tsakanin mutum biyu a kan babur, a nufi asibiti. In ya suma, a ɗura masa ruwa a baki. In ƙuna ce, a fasa ƙwai ko a shafa man goge baki. Duk cikin tausayi ake yi, amma wanda ƙashin wuyansa ya tsage, wannan ɗauka na iya nakasa shi har abada, ruwan da aka ɗura wa sumamme kuwa huhu yake tafiya. Abin da ya kamata bai da wuya: a danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta kada a ɗaga, a kwantar da sumamme mai numfashi a gefensa, a kwarara ruwan sanyi a kan ƙuna, a tallafe kai da wuya in ɗauka ta zama dole.

Wani zai ce ba a wasa da rai, bai wa wanda bai yi karatun likita ba izinin taɓa majinyaci ganganci ne. Amsar ita ce yana taɓawa tun yanzu, ba wanda ya jira izini. An kuma gwada horar da jama'a a wasu wurare. Tsakanin 1997 da 2001, a arewacin Iraƙi da Kambodiya, inda nakiyoyi ke tashi da manoma nesa da asibiti, an horar da ma'aikatan jinya na karkara tare da dubban ƙauyawa, mace-macen masu rauni suka sauko daga kusan kashi 40 cikin ɗari zuwa wajen 15. A Gana an koya wa direbobin motocin haya 335 agajin farko cikin 'yan sa'o'i, domin su ne dama ke kwaso yawancin waɗanda suka yi hatsari. A arewacin Nijeriya ma an yi tsari da ƙungiyar direbobi don kai mata masu naƙuda asibiti cikin dare.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma akwai gaskiya a cikinsa: in aka dogara da 'yan sa-kai, gwamnati za ta samu kafar zamewa daga haƙƙin da ke kanta. Ɗan agaji na iya tsayar da jini, amma ba ya yin tiyata, ba ya da jinin ƙari. Matar da naƙuda ta ƙi ci a Jiratawa tana buƙatar mota mai mai a tanki, direban da wayarsa ke kunne, da ɗakin fiɗa a Maraɗi da ke shirye ya karɓe ta. Nijar ta yafe kuɗin fiɗar haihuwa da na jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 tun tsakiyar shekarun 2000, sai dai kyauta a asibiti ba ta amfanar wanda bai isa ƙofarsa ba, kuma sau da yawa kuɗin man mota a wuyan dangi yake faɗawa. Horar da jama'a na ƙara yawan masu isa asibiti da sauran numfashi, wato yana ƙara wa gwamnati aiki ne.

Maraɗi ba baƙuwar wannan aiki ba ce. Ƙungiyar Croix-Rouge ta Nijar, wadda aka kafa a 1963, tana da 'yan sa-kai a jihar. A yunwar 2005, ƙungiyar likitoci Na-gari-na-kowa ta yi jinyar dubban yara masu tamowa a nan, akasarinsu a gida, uwaye na ba su abincin gyaɗa na musamman. Lokacin kwalarar 2018 da ta fi tsanani a Madarumfa, masu bi gida-gida suna wayar da kai sun ɗauki kaso mai yawa na wahalar. Matsalar ita ce irin wannan ƙwazo yakan bi kuɗin masu ba da tallafi. Shiri ya ƙare, 'yan sa-kai su watse, don saurayin da ke neman na cefane ba zai rayu da riga mai tambari da "Allah ya saka" ba. Yana buƙatar safar hannu da bandeji da ake sabunta masa, maimaita horo lokaci-lokaci, ɗan alawus na mai da katin waya, da tabbacin cewa in ya kai wanda ya ji rauni asibiti ba za a riƙe shi kamar shi ya buge shi ba. Tashoshin kabu-kabu da na adaidaita suna da shugabanni, 'yan agajin masallatai suna da tsari da biyayya, fadar Sarkin Gobir a Tsibiri kuma tana da masu unguwanni da za su iya tara mutane. Ta hannunsu ya kamata ma'aikatar lafiya da ƙananan hukumomi su bi, su sa kuɗin horon cikin kasafin kowace shekara.