Sigarin lantarki: Ƙaramin batirin da zai iya tayar da gobara a shagon caji

A Yalwan Damai da ke ƙaramar hukumar Birnin Kudu, da ƙauyukan Gwaram da ke maƙwabtaka, shagon caji ya zama wurin da kusan kowa ke bi. Inda wutar KEDCO ba ta zama, ko ma ba ta kai ba, mai janareta ko mai sola ne ke raya wayoyin gari. A kan allo ɗaya za ka ga wayoyi da tocila da fawa-banki jere, kowanne da lambarsa.

Yanzu akwai baƙon da ke neman gurbi a wannan allo: sigarin lantarki, ɗan bututun nan mai kama da biro da ake zuƙa ya ba da tururi mai ƙamshi. A birane irin su Kano aka fi ganinsa, amma abin da ya shiga birni ba ya daɗewa bai iso ƙauye ba, a aljihun fatake da 'yan ci-rani. An fi maganar illarsa ga huhu. Ba a cika maganar batirinsa ba, alhali shi ne ke iya ƙone shago cikin dare ɗaya.

Me ke sa ya fashe?

Batirin litiyam ne a cikinsa, irin na wayar salula. Tsakanin ɓangarorinsa biyu akwai wani siririn shamaki, sannan ruwan sinadarin da ke ciki mai kama wuta ne. Idan caji ya wuce ƙima, ko batirin ya lotse, ko zafi ya yi masa yawa, shamakin kan lalace. Daga nan zafi ya riƙa haifar da zafi, iska ta taru a ciki, har abin ya yi bindiga.

Bambancinsa da waya shi ne siffa. Batirin waya shimfiɗaɗɗe ne, sau da yawa yakan kumbura kafin ya kama. Na sigarin lantarki kuwa yawanci mulmulalle ne a cikin bututu, don haka idan ya fashe ƙarfin kan fita ta baki ɗaya, ya cilla shi kamar roka.

Hukumar kula da gobara ta Amurka ta tattara aukuwar fashewa ko gobara 195 daga 2009 zuwa ƙarshen 2016, inda mutum 133 suka ji rauni. Daga ciki, 48 sun faru ne ana cikin caji, 61 kuma a cikin aljihu. A 2018 wani mutum ya rasu a jihar Fulorida, wani kuma a Tekzas a 2019, duk sakamakon fashewar na'urar. Kamfanonin jiragen sama ma ba sa yarda a sa ta cikin kayan da ake lodawa a ƙasan jirgi, kuma an hana cajinta a cikin jirgi.

Abin da ya ƙara haɗarin a karkara

Waɗancan alƙaluma daga ƙasar da wuta ke tsaye suke. A kudancin Jigawa akwai ƙarin matsaloli. Na farko zafi: daga Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40, cikin shagon langa-langa kuma ya fi haka. Na biyu wutar janareta da ke hawa da sauka, haɗe da caja mai arha da ba ta da abin daidaita wuta. Na uku cunkoso: na'urori da dama a soket ɗaya a kan katako, ga galan ɗin fetur a gefe. A gida kuma, ga katifar soso, ga dangar kara, ga rumbu. Kafin 'yan kwana-kwana su iso daga gari, wuta ta riga ta gama aikinta.

Asarar ba ta mai sigarin kaɗai ba ce. Mai shago amanar wayoyin jama'a ce a hannunsa, kuma a cikin wayar wani akwai asusun bankinsa da lambobin abokan cinikinsa.

Yadda za a kiyaye

Hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ba da shawarwari masu sauƙin bi. A yi amfani da cajar da ta zo da na'urar, ba ta waya ba, ko da bakinsu ya zo ɗaya. Kada a bar ta a caji a kwanta barci ko a fita. A ɗora ta a wuri mai tauri da ido ke gani, nesa da katifa da matashin kai. Kada a bar ta a rana. Batirin da ya jiƙe ko fatarsa ta yage, a daina amfani da shi. Wanda ake cirewa kuma kada a jefa shi aljihu tare da makulli ko tsabar kuɗi, domin ƙarfe na iya haɗa bakunansa biyu.

Ga mai shago, yana da 'yancin ƙin karɓar na'urar da ta zo babu cajarta. Idan ya karɓa, ya ware mata wuri a kan siminti ko cikin kaskon ƙasa, ya cire ta da zarar ta cika, ya ajiye bokitin yashi kusa, fetur kuma a waje. Wadda ake yarwa bayan ta ƙare ma da batir a cikinta, kada a jefa ta a bolar da ake cinna wa wuta, kada a bar yara su fasa ta.

Idan na'ura ta ɗauki zafin da hannu ba zai jure ba, ko ta kumbura, ko ta fara huci da wari, a kashe wutar daga tushe, a matsa. Kada a watsa ruwa a soket mai wuta. Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwa mai sanyi na kimanin minti 20, ban da man goge baki ko ƙwai, sannan a garzaya da shi asibiti mafi kusa. Idan ƙunar ta yi tsanani, akwai Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu.