Sabulun Madarar Akuya: Yadda Za Ku Yi Shi a Gida

Ya ku masu gida da matan gida, ku sani sau da yawa zawon da ke kayar da yara ta hannu yake shiga. Hannu ya taɓa ƙazanta, sa'an nan ya shiga akushi. Binciken likitoci ya nuna wanke hannu da sabulu yana rage zawo da wajen kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka ne tun shekarar 2008 aka keɓe ranar 15 ga Oktoba ta kowace shekara domin tuna wa duniya wannan al'amari.

To, sabulun kanti yana da tsada, amma da wuya a sami gida a karkara wanda babu akuya, ko da jar nan ta Sakkwato da Maraɗi. Da 'yar madararta da man da kuke da shi kuna iya yin sabulu mai kyau ba tare da dafawa a wuta ba. Kitsen madarar yana sa sabulun ya yi taushi a jiki, ba ya busar da fata. Amma kada wani ya ruɗe ku: ba maganin ƙazuwa ko makero ba ne. Aikinsa tsabta.

Kayan da za ku tanada

Man ja giram 500, man gyaɗa giram 300, man kaɗe giram 200, sodar yin sabulu giram 130, ruwa mai tsabta giram 170, madarar akuya giram 160.

Lalle a auna kome a kan sikeli. Kada a auna da ido ko da gwangwani. Idan soda ta yi yawa sabulun zai ci fata, idan ta yi kaɗan ba zai daskare ba. Kada kuma a musanya wani mai da wani, domin kowane mai da adadin sodar da yake ci.

Madara sabuwar tatsa ake so, ba nono mai tsami ba. Ku tafasa ta, ku tace, ku bar ta ta huce sarai.

Ku sami bokitin roba mai kauri guda biyu, da muciyar da ba za ta sake komawa tukunyar tuwo ba, da akwatin katako wanda aka shimfiɗa wa leda a ciki. Kada ku yi aiki da tukunya ko kwanon alminiyam, gama soda tana cinye shi.

Ku yi hankali da soda

Soda wuta ce marar hayaƙi. Ƙwayarta tana kama da sukari, in an jiƙa ta kuma ba ta da bambanci da ruwan sha. Yara da yawa a ƙasashen Afirka ta Yamma sun sha ta a gidajen da ake yin sabulu, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, har haɗiyar abinci ta gagare su. Saboda haka ranar da za ku yi sabulu ku kai yara gidan maƙwabta. Kada ku zuba ruwan soda a kofi, ko gorar ruwa, ko kwalbar lemo. Wadda ta rage ku rufe ta ƙam, ku sa a inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Mai aikin ta sa safar hannu ta roba, da tabarau, da riga mai dogon hannu, ta zauna a fili inda iska ke kaɗawa.

Yadda ake haɗawa

Da fari ku zuba ruwan a bokiti. Sa'an nan ku riƙa barbaɗa soda a cikin ruwan kaɗan kaɗan kuna juyawa, fuska a kawar gefe. Kullum soda ce ke zuwa wurin ruwa. Idan aka kwara ruwa a kan soda tana iya tafasa ta fantsamo muku a fuska. Ruwan zai yi zafi ƙwarai. Ku bar shi ya huce, kuna kusa da shi.

Na biyu, ku narkar da man kaɗe da man ja a wuta kaɗan, ku juye a ɗaya bokitin, ku haɗa da man gyaɗa. In ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ku zuba madarar a cikin man ku juya. Dalilin da ya sa ba a zuba madara cikin soda mai zafi shi ne zafin yana ƙona zaƙin da ke cikin madarar, sabulun ya yi duhu ya yi wari.

Na uku, ku tsiyaya ruwan sodar cikin man a hankali kuna juyawa. Ku ci gaba da juyawa. Aikin yana iya kai sa'a guda ko fiye, sai an yi haƙuri. Alamar ya yi ita ce ya yi kauri kamar kunu, in kun ɗiga shi daga muciya sai ya bar zane a sama kafin ya nutse.

Na huɗu, ku juye a akwatin, ku ajiye a ɗaki mai sanyi. Kada ku lulluɓe shi da bargo, don sabulun madara ba ya son zafi. Bayan kwana biyu ko uku ku sa safar hannu, ku fitar, ku yanka.

Na biyar, ku jera yankakkun a inuwa inda iska ke ratsawa, kuna juya su, har mako huɗu zuwa shida. Kada ku yi garaje. Sabulun da bai bushe ba yana saurin narkewa, yana kuma iya yi wa fata zafi. Farar ƙurar da kan fito a samansa ba kome, a kankare ta. Amma in kun ga fararen duwatsu a cikinsa, ko yana yi muku raɗaɗi, kada ya taɓa jikin kowa.

Idan tsautsayi ya auku

In soda ta taɓa fata ko ido, ku yi ta kwara ruwa mai yawa har minti 20. In ido ne, lalle a je asibiti bayan haka. In yaro ya sha, kada ku sa shi amai, domin za ta sake ƙona shi wajen fitowa. Kada ku ɗura masa man ja ko ruwan tsami. Ku kuskure masa baki da ruwa, ku kai shi asibiti nan da nan, ku gaya wa likita abin da ya sha.

In sabulu ya kammala, ku ajiye guda kusa da buta a bakin salga, guda kuma a madafa. Kowa ya wanke hannu bayan ya fito daga bayan gida, da bayan an yi wa jariri tsarki, da kafin a taɓa girki, da kafin a ci abinci. Ku koya wa yara tun suna ƙanana.