Tsiron da Aka Yi wa Suna, Aka Ɓoye Mazauninsa

A arewacin ƙasar Meziko, cikin jihar Kowahuila wadda ke iyaka da Amurka, akwai wani ɗan tsiro daga dangin da masana ke kira kaktus, wanda faɗin kansa bai wuce santimita ɗaya da rabi ba, yana lafe cikin tsakuwa bisa fa na farar ƙasa, har mutum ya taka shi bai sani ba, sai fa in lokacin hudarsa ya zo, ya fid da fure ja mai sirkin shuɗi, tsakiyarsa fara, wanda ya fi shi kansa girma. Wanda ya san ƙerana da tinya zai yi zaton 'yan uwan kaktus ne, alhali kuwa kama ce kawai wadda zaman fari ya haddasa, domin ƙayar kaktus daga wani ɗan gurbi mai gashi take fitowa wanda waɗancan ba su da shi, kuma asalin danginsa duka nahiyar Amurka ne.

A shekarar 1952 wani malamin ilmin tsirrai Ba'amurke, Norman Boke, ya ga wannan tsiro an dasa shi cikin gwangwanin gahawa a wani masauki a garin Akunya, ya ɗauki hotonsa. Tsiron bai yi tsawon rai ba, hoton kaɗai ya saura, malamai suka yi ta saɓani a kansa shekara arba'in da huɗu, kowa da nasa ƙiyasi game da jinsin da ya kamata a jingina shi gare shi, ba kuwa mai hujja yankakkiya, tun da ba a yanke hukunci a wannan fanni sai an riƙe tsiro a hannu, an duba furensa da ƙwayarsa. Sai a 1996 wasu masanan tsirrai biyu, George Hinton da Jonas Lüthy, bayan dogon nazari a kan irin ƙasar da za ta iya ɗaukarsa, suka same shi a mazauninsa, aka tabbatar da cewa daga jinsin Mammillaria yake, Hinton ya raɗa masa Mammillaria luethyi don girmama abokin tafiyarsa.

To, a nan mas'alar take. Al'adar ma'abota wannan ilmi ita ce, wanda ya gano sabon tsiro ya rubuta siffofinsa dalla-dalla, ya ajiye busasshen samfuri a taskar tsirrai don ya zama shaida ga na baya, ya kuma ambaci inda ya samo shi. Suna wajibi ne, domin doka ba ta iya kare abin da ba ta san sunansa ba, kuma jami'in kwastan da ya buɗe akwati a filin jirgin sama ba shi da madogara sai sunayen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ta fara aiki a 1975, ta kuma sa cinikin kaktus tsakanin ƙasashe a ƙarƙashin sharaɗin izini. Amma takardar da ke sanar da malamai ita ce ke sanar da ɓarayin tsirrai, waɗanda ke kai wa masu sha'awar tara su a Turai da Asiya, kuma iyakar ƙarancin tsiro iyakar tsadarsa. Saboda haka Hinton da Lüthy suka bayyana suna da siffa, suka ɓoye wurin.

A ganina sun yi daidai, ko da yake ɓoye ilmi abin ƙi ne a wurin malamai, domin tsiron da mazauninsa ɗan fili ne ƙanƙane, mutum guda da buhu zai iya share shi daga doron ƙasa cikin yini ɗaya, kuma halittar da ta gushe ba mai mayar da ita sai Mahaliccinta. Tsoron nasu ba wahami ba ne: binciken da ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta fitar a 2015 a kan nau'in kaktus 1,478 ya nuna kashi 31 cikin ɗari suna fuskantar halaka, kuma haramtaccen ciniki yana cikin manyan sabubba.

Duk da haka sirrin bai hana tsiron fita ba, domin ba a jima ba ya bayyana a lambunan Turai. Abin da ya rage masa haɗari daga baya shi ne, masu lambu sun gano yana karɓar aure, watau a yanki ɗan kansa a ɗora bisa jikin wani kaktus mai saurin girma, ya yi ta 'ya'ya, har ya yawaita a kasuwa, kuɗinsa ya faɗi, ribar zuwa tono shi a jeji ta ragu ƙwarai. Sai dai waɗannan na lambu galibi tsatson 'yan tsirarun iyaye ne, ba za su maye gurbin na jeji ba, waɗanda ke riƙe ƙwayarsu cikin jikinsu, su kuma nutse ƙasa in fari ya tsananta.