Tsinken Da Ya Karya Bayan Raƙumi

Uwargida, ko kin taɓa cin karo da "the last straw" a littafin Turancin yaranki, kika tsaya kina tunanin me ya haɗa fushi da robar zuƙar lemo? To, ba ita ake nufi ba. Straw a nan tsinken busasshiyar ciyawa ne, irin na karan alkama bayan girbi.

Guntu ne aka yanko daga "the straw that broke the camel's back", wato tsinken da ya karya bayan raƙumi. Ki ɗauka fatake sun yi ta jibga wa raƙumi kaya yana jurewa, har wani ya ɗora tsinke guda, sai ga shi a durƙushe. A Ingila ta ƙarni na 17 doki da gashin tsuntsu ake faɗa, raƙumin daga baya ya shigo. Larabawa ma suna da ita: "alƙashshatul lati ƙasamat zahral ba'ir".

Inda ake yawan kuskure shi ne a faɗe ta kan babban laifi guda ɗaya. Ba haka take ba. Dole sai abubuwa sun taru, na ƙarshen kuma ƙarami ne. Misali, wata uku maigida na dawowa tsakar dare ba bayani, cefane ya ragu, kuɗin makarantar yara shiru, matar ta haɗiye. Rannan sai ya manta gishirin da ta ce ya taho da shi, ta ɗauki mayafi ta yi yaji. Maƙwabta su ce, "Haba, a kan gishiri?" Gishirin nan shi ne last straw. Ni dai duk lokacin da aka kira ni sulhu, ba na tsayawa kan gishirin, kayan da ke ƙarƙashinsa nake tambaya.

Mu kan ce tura ta kai bango, amma tamu wanda ake turawa take kallo, tasu kuwa ƙanƙantar abin da ya zo a ƙarshe.

Sai dai ki kula, 'yar'uwa, maganar tana da nauyi. Wanda ya ji "this is the last straw" zai ɗauka kin riga kin yanke shawara, don haka kada ki rubuta wa maigida ko shugabarki a wurin aiki don kawai ranki ya ɗan sosu. In labarin abin da ya wuce kike bayarwa, "that was the last straw" za ki ce. Wasu kan ce "the final straw", duk ɗaya ne.